Safar hannu mai iska don hannun da ya shanye: wa ya taɓa gwada ta?

TelanTawa:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Ni tela ne a Tawa, shekaruna 54. Wata 7 ke nan da tansiyo, wato hawan jini, ta kayar da ni a bakin keke, ɓarin dama ya shanye. Ƙafa ta dawo, alhamdu lillahi, har masallaci ina zuwa da sanda. Hannun ne ya ƙi. Yatsu sun dunƙule kamar na riƙe kuɗin wani, sai na sa hagu na ɓamɓare su ɗaya-ɗaya kafin in yi alwala. Ɗana da ke bida a Abijan ya ga wata safa a Facebook, da ɗan injinta mai hura iska, tana buɗe yatsu tana rufewa. Ya ce zai aiko jika 60 a saya. Kafin yaro ya zubar da guminsa, akwai wanda ya gwada?

ƊanBukoki:
Wa alaikumus salam Malam, Allah ƙara sauƙi. Ina da ita nan Yamai, shekara guda ke nan. Ranar farko da na ga yatsuna biyar sun miƙe, wallahi sai da na yi hawaye. Da na cire, kafin a gama shayi hannu ya koma yadda yake. Wata biyu ina zaune ina sauraren rediyo, inji na ta aikinsa, ni ban ƙaru da komi ba. Sai da kine, wato mai aikin motsa gaɓoɓi a asibiti, ya ce mini duk sanda za ta buɗe, in yi yunƙurin buɗewa da kaina in riga ta. Daga nan na fara ganin babban yatsa na motsi. Yanzu ina riƙe kofi, maɓallin riga dai har yau uwargida ke sa mini. A watan zafi kuma ciki jiƙewa take da zufa, ga ɗaukewar wuta.

MamanBiyu:
Baba, mu madubi muka saya wa Inna a kasuwar Wadata. Ana tsayar da shi tsakanin hannuwa, hannu mai ciwon na ɓoye a baya, tana motsa mai lafiyar tana kallon madubi, sai ƙwaƙwalwa ta ɗauka wancan ne ke motsi. Da farko cewa ta yi wasan yara ne. Yanzu ita ke tuna mana bayan la'asar.

KineYamai:
Baba, aikina ke nan. Ciwon a ƙwaƙwalwa yake, ita kuwa da maimaici take koyo, shi ya sa inji ba ya yi maka. An fi samun saurin dawowa a wata 3 zuwa 6 na farko, amma ƙofa ba ta rufe a kanka ba. In an ba ka ƙwallon roba kana matsawa, dakata: rufewa kana da ita har ta yi yawa, buɗewa ka rasa. Kada kowa ya fizgi hannun wajen tada kai, kafaɗa na iya gocewa. Je babban asibitin Tawa kine ya duba taurin yatsun kafin a sayi komi, don safa kan yatsu masu tauri sosai tana iya jawo ciwo. Maganin tansiyo kuma kada a yi fashi.

TelanTawa:
Na gode ƙwarai. Ƙwallon na nan aljihuna, tun Ramadan nake matsa ta safe da yamma! Zan ba jikana ya buga. Madubi kuwa ina da babba a shago, wanda masu ɗinki ke duba kansu. Ƴata MamanBiyu, minti nawa Inna ke yi a zama ɗaya?