Muhawarar zaure: wai UConn ba ta taɓa faɗuwa ba?

Ɗan Storrs: Jama'a abin nan ya ishe ni. Duk inda aka tayar da zancen ƙwallon kwandon mata na jami'o'in Amurka, sai Caitlin Clark, Caitlin Clark. Yarinyar da ta je wasan ƙarshe sau biyu da Iowa, LSU ta doke su a 2023, South Carolina ta doke su a 2024, ko kofi ɗaya babu. Ga UConn, ƙungiyar Jami'ar Connecticut da ke garin Storrs, da kofuna 12 daga 1995 zuwa 2025, koci ɗaya, Geno Auriemma, tun 1985. Ƙungiyar da ba ta taɓa faɗuwa ba. Amma ba mai magana. Wannan ai rashin adalci ne.

Hajiya Lemo: Ba ta taɓa faɗuwa ba? Ƙanena, daga kofin 2016 sai na 2025. Shekarun da ke tsakani hutu suka tafi?

Ɗan Storrs: Hajiya, rashin kofi daban, faɗuwa daban. Daga 2008 zuwa 2022 sau 14 a jere suna cikin huɗun ƙarshe. Wanda ya faɗi ba ya zuwa nan.

Malam Allo: To 2023 fa? Ohio State ta fitar da su tun a zagayen 'yan 16, da maki 73 da 61. Kuma ba sa'a ba ce. Matsi aka yi musu tun daga ƙarƙashin kwandonsu: mutum biyu su rufe mai ƙwallo a gefen layi, ta uku ta tsaya a hanyar da za a miƙa ta tsakiya. Maganin wannan matsi shi ne a sami mai riƙe ƙwallo ta biyu, a ajiye doguwa a tsakiyar fili ta karɓa ta juya. UConn ba ta da isassun masu riƙo a ranar, sai da suka zubar da ƙwallo sau 25. Idan wannan ba faɗuwa ba ce, ban san sunanta ba.

Ɗan Storrs: Malam ka san dalili, kake yi kamar ba ka sani ba. Tauraruwarmu Paige Bueckers ta tsinke jijiyar gwiwa a watan Agustan 2022, kakar gaba ɗaya ba ta buga ba. Tuntuɓe ne.

Na Benci: Yanzu kuma mun koma tuntuɓe. Anjima za a ce zamewa.

Hajiya Lemo: Ku bar shi. Mutanen da suka yi shekara bakwai a rukunin jami'o'i na American, 2013 zuwa 2020, wasa 139 ba su sha kashi ko sau ɗaya ba. Ta yaya za ka faɗi alhali ba wanda ke ture ka? Su zo rukuninmu na SEC su gani, inda wannan mako Tennessee, mako mai zuwa South Carolina, na gaba LSU. Pat Summitt, tsohuwar kocinmu a Tennessee, a nan ta ci kofuna 8 da wasanni 1,098.

Ɗan Storrs: Allah Ya sa ba Tennessee za a kawo mana a zancen faɗuwa ba. Rabonku da kofi tun 2008, zamanin Candace Parker. Rabonku da huɗun ƙarshe ma tun lokacin. Kuma wa ya janye daga karawar shekara-shekara tsakaninmu da ku bayan 2007? Ba mu ba.

Hajiya Lemo: An janye ne saboda rigimar yadda UConn ta ɗauki 'yar wasa Maya Moore, kowa ya sani. Kuma a Fabrairun 2025 wa ya ci? 80 da 76, a Knoxville, a shekarar da kuke taƙama da ita.

Malam Allo: Hajiya a nan dai kin ɗan zarce. Rukuni mai rauni ba ya ba ka nasara 111 a jere, domin a ciki akwai gasar ƙasa biyu, ta 2015 da ta 2016, inda wanda ya sha kashi sau ɗaya ya tafi gida. Illar rukunin wani wuri take. In kana cin wasa da tazarar maki 30 ko 40 kullum, 'yan wasanka ba sa saba wa minti biyun ƙarshe da maki ke kunnen doki: yaushe za a nemi hutun koci, wa za a ba ƙwallo, yaushe za a cinye daƙiƙa 30 na agogon harbi. Ku duba 2017. Mississippi State, wadda suka doke da 98 da 38 shekara guda kafin nan, ta rage gudun wasan, ta kai su ƙarin lokaci, Morgan William ta jefa ta ƙarshe, 66 da 64. Shekara ta zagayo, Notre Dame ta maimaita musu, nan ma a ƙarin lokaci.

Na Benci: Arike Ogunbowale ce ta jefa wa Notre Dame ta ƙarshe! Mahaifinta ɗan Najeriya ne fa. Kuma Stanford da ta tsayar da nasara 90 a jere a Disambar 2010, Nneka da Chiney Ogwumike suna ciki. Mu ne maganin UConn.

Alƙalin Gefe: Jeanette Pohlen ta Stanford ce ta ci 31 a wasan nan, kada ka ba 'yan gida ladan da ba nasu ba.

Na Benci: Yaya ai ban ce su suka fi cin maki ba, cewa na yi suna ciki.

Ɗan Storrs: Tunda ana lissafi, a cire 2024. Ba Iowa ce ta ci mu a wasan kusa da na ƙarshe ba, lafari ne. Saura daƙiƙa 3.9, maki ɗaya tsakani, aka hura wa 'yar wasanmu Aaliyah Edwards usur.

Alƙalin Gefe: An hura daidai. Mai tare wa abokiyarta hanya dole ta tsaya cak kafin a yi karo, ƙafafunta kada su wuce faɗin kafaɗa, kada ta fitar da gwiwar hannu. Edwards tana matsawa lokacin da ta haɗu da Gabbie Marshall ta Iowa, ƙafafu a buɗe. Dokar minti na farko ita ce ta minti na arba'in.

Ɗan Storrs: Sau nawa ake yin irin wannan a wasa ɗaya ba a hura ba?

Alƙalin Gefe: Da yawa. Wannan laifin waɗanda ba su hura ba ne.

Malam Allo: Ni wanda ya fi damuna 2022 ne, don babu lafarin da za a ɗora wa. South Carolina 64, UConn 49. Ƙwallayen da suka dawo daga kwando, South Carolina ta cafe 49, UConn 24. In ba ka sa bayanka ka tokare Aliyah Boston ta South Carolina tun ƙwallo na sama ba, harbi biyu ko uku za su samu a hari ɗaya. Shi ne karo na farko da Geno ya sha kashi a wasan ƙarshe bayan ya ci 11.

Ɗan Storrs: Kuma aka rama a wasan ƙarshe na 2025 a Tampa, 82 da 59. Fudd, Strong, Bueckers. Ku faɗi wannan ma.

Hajiya Lemo: Ramuwa ai sai wanda aka kayar.

Na Benci: Wai ina maganar Caitlin Clark ɗin da aka fara da ita?

Shugaban Zaure: To jama'a dare ya yi, ga abin da na fahimta. Mafi yawa sun yarda UConn ta faɗi tsakanin 2017 da 2024, kuma shekarun rukunin American sun kumbura tarihinta. Ɗan Storrs bai kawo hujjar da ta rushe wannan ba. An kuma tabbatar cewa Dawn Staley, kocin South Carolina, da kofunan 2017, 2022 da 2024, na ƙarshen ba tare da shan kashi ko ɗaya ba a wasa 38, ita ke riƙe da wannan zamani. Na rufe.

Malam Allo: Ranka ya daɗe, wa ya ambaci Dawn Staley a nan?

Ɗan Storrs: Ku duba hoton da ke kan sunansa, rigar South Carolina ce a jikinsa. 82 da 59 ɗin ma ya tsallake.

Shugaban Zaure: Na ce na rufe.