Inji na juyawa amma wuta ba ta isa fulogi

Salamu alaikum, masana gyaran mota. Tsohuwar mota ce mai kabureta da kwantak (ƙarfen da ke buɗewa da rufewa don a samu tartsatsi). Kik na juya inji da ƙarfi, batir na nuna volt 12.6, amma ta ƙi tashi.

Fetur dai yana isowa, har fulogi na fitowa a jiƙe. Wayar koyil (na'urar da ke ƙara ƙarfin wutar batir) na ba da tartsatsi shuɗi mai ƙarfi a jikin inji, amma a fulogi huɗun babu komai. Tazarar kwantak milimita 0.4 ce, murfin distiributa (mai raba wuta ga fulogi) sabo ne, ba tsaga ba danshi.

Ina zargin rota (abin da ke juyawa a cikin distiributa) ce ke zubar da wutar zuwa sandar da take zaune a kai. Don Allah yaya ake gwada ta kafin a sayi sabuwa? Ko gawayin tsakiyar murfin, mai miƙa mata wuta, ne ba ya taɓa ta?