Ƙwallon jami'o'i a ofis: ta kaka ko ta Maris?

Mazaunin Columbus: Assalamu alaikum 'yan uwa. A kamfanin da nake aiki a jihar Ohio, daga Satumba har ƙarshen Nuwamba, kowace Juma'a ma'aikata sukan zo cikin jajayen rigunan jami'ar Ohio State, ranar Litinin kuma a ci rabin safiya ana bitar ƙwallon ƙafar da aka buga ranar Asabar, shugaban sashenmu ne ma kan gaba. Amma da Maris ya kama, na buɗe wasan ƙwallon kwando na gasar NCAA ta jami'o'in Amurka a wayata lokacin cin abincin rana, sai ga shi tsaye a kaina yana tambayar ko na gama rahoton da ya ba ni. A ganina masoya ƙwallon kwando ba su da gata a ofisoshin ƙasar nan.

Malam na Houston: Wa alaikumus salam. Kafin mu yi nisa, wace ƙwallon ƙafa kake nufi? Wasan da ake rungume ƙwallo a ƙirji ana gudu da ita, ƙafa ba ta taɓa ta sai jefi-jefi, bai kamata Bahaushe ya ba shi wannan suna ba.

Hajiya ta Ann Arbor: Malam, masu abin ne suka raɗa masa suna, ba mu ba. Kuma duk sunan da ka ga dama ka kira shi, filin jami'ar Michigan yana ɗaukar mutum fiye da 107,000, alhali ɗakin wasan kwando na jami'ar Duke bai kai 10,000 ba.

Ɗan Durham: Hajiya, kujeru 9,314 ne, amma ɗalibai sukan yi makonni suna kwana a tanti cikin tsananin sanyi don su samu shiga wasan Duke da North Carolina. Ƙwallon kwando dai ba ta yi ƙaryar suna ba, kwandon yana nan kowa yana gani.

Malam na Houston: Madalla. Hakeem Olajuwon, ɗan Legas da ya kai jami'ar Houston wasan ƙarshe na gasar ƙwallon kwando ta NCAA a 1983 da 1984, da tsaron gida ya fara a ƙwallon ƙafa ta gaskiya, wadda ake bugawa da ƙafa.

Hajiya ta Ann Arbor: Ni dai ina tausaya wa ƙanina na Columbus, domin masu jajayen rigunan nan sun sha kashi a hannun Michigan shekara huɗu a jere, daga 2021 zuwa 2024, wataƙila haushin ne ya sa shugabansa ya huce a kansa.

Mazaunin Columbus: Haba Hajiya, ai Ohio State ce ta ɗauki kofin ƙasa a Janairun 2025, Michigan kuwa ko cikin jami'o'i 12 da suka fafata ba ta shiga ba.

Ɗan Durham: Ashe kai ma kana da jar rigar a gida.

Baban Yara: Ku bar batun riga. A ofishinmu, da Maris ya zo ake karɓar kuɗi a hannun kowa don cike jadawalin hasashen sakamakon gasar ƙwallon kwando ta NCAA, wanda ya fi dacewa ya kwashe. Wannan caca ce, kuma ba na so in ji ɗan uwa ya saka ko dala ɗaya.

Malam na Houston: Tun da dare ya yi, bari in taƙaita. Ba wanda ya iya kare sunan ƙwallon ƙafa ga wancan wasan, Hajiya ma ta amince ba mu muka raɗa shi ba. Daga yau a nan za mu riƙa ce masa ƙwallon runguma. Batun shugaban sashe kuma, ɗan uwa ya riƙa gama rahotonsa da wuri.