Bizar masu ritaya ta Tailan da fasfon Jamus: wa ya taɓa nema?

Baban yara, Hamburg: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekarata 64, fasfona na Jamus ne, fanshona kuma ya kusa fara fita. Sanyin nan ya gama da gwiwoyina, zuciyata ta karkata ga Tailan. Don Allah wanda ya bi hanyar nan ya faɗa mana takardun da ya haɗa.

Ɗan zango, Frankfurt: Wa alaikumus salam, Alhaji. Bizar doguwar zama mai suna O-A na nema tun daga nan, wadda ake ba ɗan shekara 50 zuwa sama. Fara da takardar shaidar rashin laifi, Führungszeugnis, da ke fitowa daga Bonn. Yuro 13 ne kuɗinta. Ita da takardar likita duk kada su wuce wata 3. Ni ta likita na fara karɓa, kafin sauran su kammalu ta mutu, dole na sake komawa. Abin da ya fi ci mini kuɗi inshorar lafiya ce, wadda za ta iya biyan dala 100,000. Ga mai shekaru irin namu tana da tsada ƙwarai. Fasfo kuma ya kasance da sauran wata 18.

Maman 'yan biyu, Chiang Mai: Baba, mu ta wata hanyar muka bi. Maigidana Bajamushe ne. Da wata bizar mai suna Non-O ya shigo, a nan Tailan ya nemi ƙarin shekara guda, kan baht 1,900 (baht shi ne kuɗin Tailan). Sharaɗin shi ne baht 800,000 a bankin Tailan, da sunansa shi kaɗai, su kwana wata 2 kafin nema, wata 3 bayan an ba shi, daga nan kuma kada su gaza 400,000. Shekarar farko hankalina bai kwanta ba, kuɗi na ajiye ga buƙatu, ba damar taɓawa. A bana kuwa, da takardar fansho muka yi, wadda ofishin jakadancin Jamus a Bangkok ya tabbatar, tunda abin da yake samu ya haura baht 65,000 a wata. Ni dai wannan ta fi mini sauƙi.

Malamin lissafi, Berlin: Alhaji, in za ka leƙo jikoki, karɓi izinin sake shiga kafin ka fita daga Tailan. Abokina bai karɓa ba, ƙarin shekararsa ta mutu a filin jirgi. Ga kuma rahoton adireshi duk kwana 90.

Baban yara, Hamburg: Allah ya saka da alheri. Hajiya, takardar fanshon nan, sai an fassara ta ko da Jamusancinta kuka kai?