Wace kalma za mu ba abin da ke ɗauke da lambu a kan soro?

Mai zanen gini, unguwar Zango a Damagaram: Salamu alaikum. Muna fassara takardar horon magina, mun maƙale a kalma biyu. Ta farko rufin da ake shuka a kansa, wanda Faransanci ke kira toiture végétalisée. Ta biyu abin da ke ƙarƙashi yana ɗauke da nauyin duka, élément porteur. Ni na rubuta "koren rufi" da "dal".

Malamar makaranta: Ƙanena, ka ce wa mutumin Damagaram koren rufi, kwano mai koren fenti zai je ya sayo maka. Ka ce "lambun soro", kowa ya gane.

Tsohon magini, unguwar Birni: Na yarda da Malama. Amma "dal" ba ta yi ba, yaro, don kankare kaɗai take nufi, kamar "dekin" da Kanawa ke faɗi. To azara fa? Mu da azarar giginya muka tashi, gara ba ta cinta da sauƙi, kuma laka muke ɗora mata. Sai dai ba ta wuce tazarar kamar mita 2, in ɗaki ya fi haka sai an ɗaure baka, wato lanƙwasasshen gini mai tallafe rufin. Kuma mu ciyawa in ta tsiro a soro cire ta muke yi kafin damina ta kankama, saiwarta ce ke kawo yoyo.

Mai zanen gini: Gaskiya ne, Baba, shi ya sa ake shimfiɗa kwalta da leda mai tare saiwa, a bar wa ruwa hanya zuwa indararo. Nauyin ne damuwata. Ƙasa mai kaurin santimita 10 in ta sha ruwan Agusta tana kusan kilo 200 a kowace murabba'in mita. Kwanon da muke rufi da shi lanƙwashewa zai yi. Ina son kalmar da in an ji ta a san kaya za ta ɗauka.

Malama: "Daɓe"?

Tsohon magini: Daɓe a ƙasa yake, ba abin da ya rataye shi. Ku ce "gadon rufi". Gadon kankare, gadon ƙarfe, gadon azara, kowane da iyakar abin da zai ɗauka.

Mai zanen gini: Ta zauna, Baba. Lambun soro, gadon rufi. A takardar zan sa gadon kankare kan gaba, na ƙarfe da na azara kuwa sai injiniya ya lissafa tukuna.