Wai rawa da waƙa a fim ɗin Hausa namu ne ko daga Indiya muka ɗauko?

Yarima_Gwale:
Slm 'yan uwa. Jiya da daddare musu ya kaure mana a majalisa har kusan sha biyu, wai ni nace waƙar da ake sawa a tsakiyar fim ɗin Hausa kwaikwayon Indiya ce tsagwaronta, abokina kuma ya rantse ya maya cewa Bahaushe yana da waƙarsa tun kafin ya san akwai wata ƙasa Indiya. Abin da ya tada maganar shi ne yanzu in ka duba fina-finai masu dogon zangon nan da ake yayi irin su Labarina da Izzar So kusan babu wannan fitowar ta saurayi da budurwa cikin lambu suna rera wa juna, kuma ni wlh ina kewarta, da ita na taso. Dan Allah manya a warware mana, daga ina abin ya samo asali, kuma barin shi da akayi ci gaba ne ko asara?

Baba_Na_Fagge:
Wa alaikumus salam ɗana. Kai da abokinka kowa ya riƙo gefe ɗaya na tabarma. Ni na shiga silima da ƙafata a Kano, Plaza da Marhaba da El Dorado duk na sha zama a cikinsu, kuma abin da zan gaya maka shi ne fim ɗin Indiya ya riga fim ɗin Hausa zuwa garin nan da shekaru masu yawa. Kwarori 'yan Lebanon masu gidajen silima su suka fara kawo su tun shekarun 1950, suka ga ranar Indiya gida cika yake maƙil fiye da ranar kaboyi, sai suka ci gaba. Mother India na 1957 ne amma har muka zama samari ana maimaita shi kuma mutane na kuka a wajen kamar ranar suka fara gani. Sholay kuwa na 1975, wannan akwai waɗanda suka haddace maganganun Gabbar Singh daga farko har ƙarshe alhali ko gaisuwa basu iya da Indiyanci ba. Har suna muka raɗa wa jaruman, Dharmendra shi ne Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt kuma Ɗan Daba Mai Lasin.

Kuma ba banza muka so su ba. Ka kalli fim ka ga uba ya hana 'yarsa wanda take so ya ba mai kuɗi, ka ga yadda ake durƙusa wa iyaye, mata da mayafi da kunya, ga rawani ga kwalli ga lalle, yo ai gidanmu muke gani. Fim ɗin Amurka bai bamu wannan ba. To yaran da suka girma da wannan su ne suka ɗauki kyamara, Turmin Danya ya fito 1990 daga ƙungiyar Tumbin Giwa, me kake tsammani zasu yi in ba abin da idonsu ya saba ba? Amma ka sani na farko-farkon basu cika waƙa haka ba, sai da fim ɗin Sangaya ya fito kasuwa ta ga yadda waƙa ke sayar da kaset, daga nan fa 'yan kasuwa suka daina karɓar fim in babu waƙa uku ko huɗu a ciki.

Ummu_Khairat:
Baba Allah ya ƙara girma, amma ni gsky ina bayan abokin Yarima ta wani ɓangaren. Mu mata mun san gaɗa, mun san waƙar niƙa da ta daka da waƙoƙin da ake wa amarya ranar kamu, ga tashe da azumi wanda shi kansa wasan kwaikwayo ne da waƙa a ciki, ko tatsuniya kaka zata yi maka sai ta tsaya ta rera wani baiti sannan ta ci gaba. Kenan saka waƙa a tsakiyar labari ba baƙo bane a wajenmu ko kaɗan. Abin da yake na aro shi ne namiji da mace su tsaya gaba da gaba suna amsa wa juna da rausaya a canza kaya sau biyar kafin waƙa ta ƙare, wannan kam a dandali ba haka ake yi ba, 'yan mata ne ke gaɗarsu samari na gefe. Shi ya sa ma malamai suka yi ta magana akai, har aka kafa hukumar tace fina-finai ta Kano a 2001.

Ni dai bana kewar rawar. Waƙar nake so kuma ita bata mutu ba, ta fita ne daga cikin fim ta tsaya da ƙafarta, ka duba yadda Jarumar Mata ta Hamisu Breaker ta karaɗe ko'ina a 2020, matan aure na yi wa mazajensu bidiyo da ita.

Dan_Damagaram:
Salamu alaikum daga Nijar. Mu nan kaset ɗin Kano ta Maraɗi yake shigo mana a da, kuma wallahi kafin fim ya iso waƙarsa ta riga shi, a bakin masu shayi da tashar mota zaka fara jinta sannan ka nemi fim ɗin. Dan haka ɗan uwa Yarima nima ina kewarta kamar kai. Kuma kar a manta ba 'yan fim kaɗai suka ara ba, masu bege ma sun ɗauki karin waƙoƙin Indiya sun zuba yabon Manzon Allah (SAW) a kai, an yi wata ƙungiyar masu bege a Kano, 'yan Ushaq'u Indiya, da aikinsu kenan.

Yarima_Gwale:
Kai madalla, Baba na gode sosai, Anti Ummu wannan maganar ta tatsuniya bata taɓa zuwar min ba wlh kuma gaskiya ce, kakata haka take mana. Amma Baba saura rabin tambayata, asara ce ko ci gaba?

Baba_Na_Fagge:
A wajena akwai asara ɗana, amma ba a rawar ba. A da fim ɗaya yana ciyar da marubucin waƙa da mai fiyano da mawaƙi namiji da mace da 'yan amshi da mai koyar da rawa, in ka bi Zoo Road a lokacin situdiyo-situdiyo ne cike da yara kowa da ɗan littafinsa yana jiran layi, da yawan manyan mawaƙan da kuke ji yau daga nan suka fito. Yanzu shiri mai dogon zango waƙa ɗaya zai sa a farko ta ishe shi shekara guda, to yaron da yake da murya a ina zai fara? Sai dai ya haɗa kuɗin situdiyo da kansa ya ɗora a TikTok yana addu'a. Labari kam na yarda ya fi na da nauyi, ana zama a rubuta shi, ni kaina bana bari Kwana Casa'in ya wuce ni a Arewa24. Ka gaida abokin naka, ka ce masa in zaku sake musun ku gayyace ni in zo da shayina.