Musayar waƙa: wa ke da ikon hana ɗan majalisa zama?

Ɗan Ningi:
Salam jama'a, yau ni zan buɗe da sanatanmu na Bauchi ta Tsakiya, duk mai amsawa don Allah ya riƙe amsa-amon "ba" kar a watsa mana waƙa kamar rannan.

Abdul Ningi ya yi hira da BBC Hausa,
Ya ce a kasafi da kuɗin da bai gane ba.
Tiriliyan 3.7 ya ambata a 2024,
Abokan zamansa ba su ji daɗi ba.
Wata uku suka ce ya je gida ya huta,
Mu da muka sha rana a layi ba a tambaye mu ba.

Gwaggon Fagge:
Haba ɗana, kwantar da hankali.

Majalisa gida ce mai ƙa'ida,
Ba ta zama kasuwar Kurmi ba.
Ka fita waje ka kwance wa gida zani,
Ai ba za a ce ma sannu da aiki ba.
In babu horo cikin zauren nan,
Shugaba ba zai iya riƙe sandar ba.

Ɗan Kiru:
Gwaggo ki yafe ni amma mu mun ɗanɗana wannan abin tun kafin su Ningi wallahi.

Jibrin Kofa ya tono cushen kasafi,
A 2016, ba su ƙyale shi ba.
Kwanan zama 180 suka yanka masa,
Ba su bar ko ofishinsa a buɗe ba.
Kiru da Bebeji muka zama marayu,
Ana rabo ba a ji muryarmu ba.
Kotu ta soke horon a 2018,
To amma kwanakin ba su dawo ba.

Baban Ilham:
Na gaishe ku, ga nawa ta ɓangaren doka.

Ndume a 2017 wata shida aka ba shi,
Kotu ta ce ba su bi doka ba.
Natasha ta Kogi, Maris ɗin 2025,
Ita ma wata shida, ba a rage ba.
Mai shari'a Binta Nyako ta ce horon ya yi yawa,
Natasha ta zo a Yuli ba a buɗe mata ƙofa ba.
Tsarin mulki sashe na 69 ya ba mu kiranye,
Bai ba wa abokan zama wannan ba.
Sama da rabin masu rajista su sa hannu,
A Kogi an kai wa INEC, ta ce bai cika ba.

Gwaggon Fagge:
To malam lauya mun ji, sai dai amsa min wannan.

In ya tashi yana zagi a zaure,
Kiranye ba zai zo yau ɗin ba.
Wa zai fid da shi kafin la'asar,
Tunda alƙali bai zo zaman ba?

Ɗan Ningi:
Gwaggo fitar da mutum na yini ɗaya daban, wata shida daban, majalisar ma duka kwana 181 ake so ta zauna a shekara fa. Kai kuma Baban Ilham baitinka na sashe na 69 ɗin nan ya fi kowa tsawo, na gwada rerawa numfashi ya ƙare min, ka datse shi ka sake turowa.